Hannun Hagu Ne Ya Ɓoye Mini Hawan Jini

A bakin turmi na fara gane cewa hannuna na hagu ba lafiya. Kaka ce, an shigo da gero, ni da faccalolina biyu muna lugude a tsakar gida. Ban fi ɗaga taɓarya sau talatin ba sai hannun ya yi tsami tun daga kafaɗa har yatsu, ya yi nauyi kamar an rataya masa dutsen niƙa. In na jingine taɓaryar na ɗan tsaya sai ya sake ni, in na koma ya dawo. Haka a tuƙin tuwo, haka a matsar wanki. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a ƙasar Gaya, kuma da dama nake riƙe alli, don haka a aji lafiyata ƙalau. A gida ne nake zama kamar mai gudun aiki, na kuma san an faɗi hakan a bayan idona. Shekarata 27 a lokacin.

Sai jiri ya biyo baya, shi ne ya tsorata ni. Ranar nan ina jan guga a rijiyar bayan gida, na kai rabi sai na ga bakin rijiyar ya rabu biyu, ƙasa tana juyawa, ƙeyata ta yi nauyi. Na saki igiya na zube. Da Allah bai sa ta baya na faɗi ba, da yanzu wani labarin ake yi. Jirin nan ba ya zuwa ina zaune, ba ya zuwa don yunwa ko rana. Sai na mori hannun hagu sannan yake zuwa.

Kusan shekara biyu kafin wannan na yi wata doguwar rashin lafiya marar suna: zazzaɓi sama-sama da yamma, zufa cikin dare har sai na canza zani, ciwon gaɓoɓi, rama, da wani zafi a gefen wuya in na taɓa. An yi mini allurar maleriya ba sau ɗaya ba, an ce taifot ce, na sha ƙwayoyi har na gaji. Ta lafa don kanta, muka yi hamdala muka manta.

Da maganar hannu ta yi yawa, kowa ya kawo tasa. Hajiya, mahaifiyar maigidanmu Malam, ta ce sanyi ne ya kama jijiya, aka yi mini ƙaho a kafaɗa. Innata ta aiko da rubutu da wani jiƙo. Wasu suka ce gamo na yi a bakin rijiya da magariba. Ba na ganin laifin kowa, duk wanda ya kawo magani so ne ya sa ya kawo, kuma addu'a har gobe ban daina ba. Amma hannun yana nan yadda yake. In na haɗa tafukana biyu da asuba sai in ji kamar na mutum biyu ne, ɗaya ɗumi ɗaya sanyi.

Wadda ta kamo bakin zaren wata yarinya ce, ma'aikaciyar lafiya, sabuwar zuwa a ƙaramin asibitin garin da ke kusa da mu. Ciwon kai ne ma ya kai ni. Ta ɗaura mini abin awon jini mai batir a hannun hagu, don shi ne ke kusa da teburinta. Ya hura ya sace, bai nuna komai ba. Ta sake, haka. Ta buɗe bayansa ta jujjuya batiran, ta sake, haka dai. Da wata ce, da ta ce in dawo in an gyara. Ita kuwa sai ta ce, "Malama, juyo da kujerar, ba ni ɗaya hannun." Nan take ya nuna 172 a kan 104. Ta dube ni, ta dubi na'urar. Ta ɗauko mai famfo, ta sa abin sauraro a kunne, ta koma hagu. Da ƙyar ta ji wani abu wajen 90. Sai ta ture kayan gefe ta ɗora yatsunta uku a wuyan hannuna na hagu, ta daɗe tana lalube. Ta kamo nawa yatsun ta ɗora su a wuyan hannun dama, ta ce, "Kin ji?" Na ce na ji yana harbawa. Ta sa na gwada a hagu. Shiru.

Ta ce, "Ni ban san sunan wannan ba. Amma an koya mana in awon hannu biyu ya bambanta da fiye da 20, maganar ta wuce nan. Ki tafi babban asibiti, kada ki bari ya kwana biyu."

Daren nan ban rintsa ba. Na buɗe akwati na ɗauko katin awon cikin da na yi shekara guda kafin nan. Cikin ya kai wata takwas, na yi jijjiga cikin dare, aka ɗauke ni a bayan a-kori-kura, na farfaɗo bayan kwana biyu na tarar har an binne yaron. Namiji ne. Ban gan shi ba. Abin da ya ɗaure wa kowa kai a lokacin shi ne ban taɓa fashin awo ba, kuma duk layin da ke katin cewa yake ba ni da hawan jini: 100 a kan 70, 100 a kan 60, 90 a kan 60. Har ce mini ake yi in riƙa cin abinci, jinina ƙasa-ƙasa yake. Na zauna da fitilar waya ina tuna bencin ɗakin awon nan. Bango yana damata, mai awo tana haguna. Duk zuwan da na yi, hannun hagu na miƙa.

A babban asibitin da muka fara zuwa, likita ya saurari wuyana ya rubuta mana takarda zuwa Kano. Mukan fita bayan sallar asuba, babur zuwa bakin titi, mota zuwa Wudil, mu haye gada, mu sauka Mariri, adaidaita sahu zuwa Asibitin Malam Aminu Kano. Yankar kati da buɗe fayil da jiran rana, wanda ya taɓa jinya ya san wannan. A gidan Yayana muke kwana.

Likitan zuciyar da na gani dattijo ne, yana tare da ɗalibai shida. Ya nemi izinina da na Malam kafin ya bari su taɓa ni, wannan kuwa ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Aka auna hannu biyu, aka auna ƙafa biyu, abin da ban taɓa sanin ana yi ba. Ya ɗora abin sauraro a ramin da ke saman ƙashin wuyana na hagu, ya yi jim, sannan ya cire ya sa mini a kunne. Na ji shuu, shuu, shuu, daidai da bugun zuciya, kamar ruwa na fita ta tiyon da aka danne wa baki. A dama babu wannan ƙarar.

Ya juya bayan wata takarda ya fara zane, kuma takardar tana wurina har yau. Ya ce, "Malama, ga zuciya. Daga ɓangarenta na hagu wata babbar jijiya take fitowa, ita ce uwar duk jijiyoyin da ke raba jini a jiki, sunanta ayota. Faɗinta santimita 2 zuwa 3 ne. Tana hawa sama ta bayan ƙashin ƙirji, sai ta lanƙwasa baya kamar lauje, ta gangara ta gefen ƙashin baya zuwa ciki da ƙafafu. A kan wannan lanƙwasar rassa uku suke tsirowa. Na farko gajere ne, nan da nan yake rabuwa biyu, ɗaya ya hau wuya ta dama, ɗaya ya tafi hannun dama. Na biyu ya hau wuya ta hagu. Na uku ya bi ta ƙarƙashin wannan ƙashin," ya nuna ƙashin da ke kwance daga maƙogwaro zuwa kafaɗa, "ya tafi hannun hagu. Naki na ukun ne ya tsuke." Ya juya ga ɗalibansa ya ce kada su ɗauka kowa haka Allah ya yi shi cif, don kusan mutum ɗaya cikin ɗari jijiyar hannunsa na dama daga ƙarshen lanƙwasar take fitowa ta ratsa ta bayan hanyar abinci, har wasu ta riƙa takura musu haɗiya.

Na ce, to hannu na gane, jini ne ba ya isarsa in yana aiki. Jirin fa?

Nan ya ƙara wani ɗan layi a zanen. Daga jijiyar hannun, jim kaɗan bayan ta taso, wani ƙaramin reshe yake ɓallewa ya yi sama, ya bi ta cikin wasu ramuka a ƙasusuwan wuya har ƙeya. Can yake haɗuwa da ɗan'uwansa na dama, su biyun su shayar da bayan ƙwaƙwalwa, inda tsayuwar mutum daidai da ganinsa suka dogara. To ni toshewar tawa tana ƙasa da wannan reshen. In hannu ya kama aiki ya nemi jini bai samu ta hanyarsa ba, sai jinin da ya hau ta dama don ƙwaƙwalwa ya juyo ya gangaro ta reshen hagu, ya tafi hannu.

Malam, da bai ce uffan ba tun shigarmu, sai ya matso ya ce, "Likita, ashe irin ta fadama ce. In magudana ta toshe daga sama, mai fangalin ƙasa sai ya fasa ta wajen maƙwabci, ruwa ya dawo da baya, maƙwabcin ya kwana da ƙishi." Shi manomin rani ne, tumatur da albasa yake yi. Likitan ya ajiye biro ya ce wallahi haka ne, kuma su ma a littattafansu tun 1961 sata suke kiran abin.

Sai maganar dalili. Ya ce da tsoho ne mai shan taba, ko mai ciwon suga, da ya ce kitse ne ya daskare a bangon jijiyar, don wannan shi ne ya fi yawa, kuma ya fi kama ta hagu. Amma mace mai shekara 27, ga tarihin zazzaɓi da zufa da ciwon wuya, abin da yake zargi cutar Takayasu ce. Sunan wani likitan ido ne ɗan Japan, Mikito Takayasu, wanda a 1908 ya ba da labarin wata matashiya da jijiyoyin cikin idonta suka yi wata irin saƙa, a wurin taron kuma wasu likitoci biyu suka ce sun ga irin haka ga waɗanda ba a jin bugu a wuyan hannunsu. Shi ya sa ake mata laƙabi da cutar rashin bugu. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta afka wa bangon babbar jijiyar da rassanta, bangon ya kumbura, ya yi kauri, ya yi tabo, hanya ta tsuke. Wani wurin kuma maimakon tsukewa sai ya saki ya buɗe. Mafi yawan masu ita mata ne, kuma galibi kafin shekara 40 take farawa. Ba a ɗaukarta daga wani, ba abinci ne ke kawo ta ba.

Na ciro katin awon nan daga jaka na miƙa masa ban ce komai ba. Ya bi layin da yatsa har ƙasa. Ya ce, "Malama, ba zan rantse miki cewa wannan ne ya tafi da yaron ba, rai na Allah ne. Amma hannun da aka riƙa aunawa ba zai iya faɗar gaskiyar jininki ba." Na yi kuka a gaban ɗaliban nan shida, wata daga cikinsu ta riƙe mini hannu har na gama.

Ban riƙe wadda ta yi mini awon nan a zuciya ba. Mata fiye da hamsin take gani kafin azahar, ita kaɗai. Amma zan faɗa da babbar murya, don na biya kuɗin wannan ilimin da tsada: duk wanda za a auna wa jini karo na farko, a auna masa hannu biyu. Minti biyu ne. Mai ciki kuwa, in an ƙi, ta roƙa.

Gwaje-gwaje suka biyo baya, sati uku muna kai da kawowa. An ɗebi jini an zuba a wani siririn bututu an bar shi awa guda a ga nisan da ja zai kwanta ya bar ruwa a sama. Ga mace mai lafiya ba ya cika wuce milimita 20, nawa ya haura 80, alamar kumburi na ci a jiki. An duba ƙoda da hanta, an yi gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau, an yi hoton ƙirji da gwajin kaki don tarin fuka. Na tambayi me ya haɗa ni da tibi, aka ce maganin da za a ba ni yana kwantar da garkuwar jiki, in akwai tibi a kwance sai ta farka. An duba zuciya da sikanin, don cutar kan taɓa ƙofar da ke bakin babbar jijiyar. An ɗiga mini magani a ido an leƙa ciki.

Guda biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko sikanin wuya, irin na masu ciki ne amma mai launi. Mai yin sa ta shafa mini abu mai sanyi mai yauƙi a wuya, ta karkato da allon yadda zan gani. A dama, babbar jijiya da ƙaramar launinsu ɗaya, duk sama suka nufa. A hagu, babbar ja, ƙaramar tana rawa tsakanin ja da shuɗi. Ta ɗaure mini hannu da abin awon jini ta hura shi tam na 'yan mintuna har yatsuna suka sage, sannan ta sake shi gaba ɗaya. A take ƙaramar ta koma shuɗiya fes, ni kuma na ji ɗakin ya ɗan karkata. Ta ce, "Kin ga ɓarawon da idonki."

Na biyu babban hoto ne, siti sikan na jijiyoyi. Kuɗinsa ne ya fara tsayar da mu. Ragon da na turke don layya da tunkiyata mai ciki suka tafi kasuwar Wudil ranar Juma'a, Yayana ya cika sauran. Sai da aka tabbatar ƙodata za ta iya tace ruwan allurar kafin a yarda. Aka sa mini allura a hannun dama, na kwanta a wani siririn gado, hannuwa sama da kai, gadon ya shige cikin wani zobe mai ƙugi. Aka ce in riƙe numfashi. Da ruwan ya shiga sai na ji zafi ya bi ni daga maƙogwaro har mara kamar na saki fitsari, bakina ya yi ɗanɗanon ƙarfe. Da ma an gaya mini haka zai faru, da ba don haka ba da na yi ihu. Duka-duka bai kai tafasar shayi ba.

Hoton ya fito da laujen nan kamar yadda likita ya zana. Reshe na uku ya tsuke kamar zare, tsawon gaɓar yatsa. Na biyu bangonsa ya yi kauri amma jini na wucewa. Na farko lafiya lau, shi ya sa hannun dama ya zama shi ne abin dogaro a awo. Can ƙasa kuma jijiyar ƙoda ɗaya ta ɗan tsuke, kuma daga nan hawan jinin yake: ƙodar tana jin jini ya yi mata kaɗan, sai ta saki wani sinadari da ke tayar da jinin jiki duka.

A layin karɓar sakamakon na zauna kusa da wata baiwar Allah daga wajen Ringim da ɗanta mai shekara 9. Shi da tsukewar aka haife shi, a jikin babbar jijiyar kanta, dab da bayan reshe na uku. Hannayensa jini ya hau, a ƙafafunsa kuwa da ƙyar ake jin bugu, in ya yi gudu sai su gaji. Nasa aiki za a yi. Mun rabu ban karɓi lambarta ba, kuma nakan tuna yaron.

Ni ma aikin na roƙa. A tunanina abin da ya toshe a buɗe shi a huta. Likita ya ce hanyoyin suna nan: ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har wurin, a hura ɗan balan-balan ya buɗe hanyar, wani lokaci a bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare ta. Ko a tsaga wuya a ɗinka wata hanya daga jijiyar wuya zuwa ta hannu, jini ya kewaye toshewar. Amma ba a taɓa jijiyar da ke cikin kumburi in ba dole ba, don ɗinki ba ya kamawa da kyau kuma hanyar kan sake tsukewa. Ni kuma jijiyar wuyan da za a jawo daga gare ta ita ma ba ta tsira ba. A kashe wutar tukuna, in ji shi, sau da yawa jiki da kansa yakan buɗe ƙananan hanyoyi a kewayen kafaɗa. Malam ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na haƙura, amma raina bai so ba.

Aka ɗora ni a kan firednisolon, ƙwaya takwas kowace safiya bayan karin kumallo, miligiram 40 ke nan, da maganin hawan jini, da ƙaramin asfirin, da na ƙarfafa ƙashi. Aka hana ni ƙaho da tsaga, aka ce in rage gishiri da dunƙule, kunun kanwa kuwa ko kusa. Cikin sati biyu ciwon wuya ya tafi, kasalar da na ɗauka halina ce ta ɗaga. Sai kuma kuɗin sauƙin ya zo. Fuskata ta cika ta yi fam kamar wata ɗan daren sha huɗu, yunwa ba dare ba rana, barci ya ƙaurace, ƙuraje suka feso. A gidan suna na ji da kunnena wata tana cewa malama ta fara shan sha-ka-fashe. Maganar ta soke ni fiye da yadda ya kamata, na dawo gida na tura ƙwayoyin ƙarƙashin katifa.

An gargaɗe ni kada in daina kwatsam, na ji, na kuma take sani. A kwana na huɗu na kasa ɗaga kai daga matashi, ga amai, ga jiri, jikina kamar an zare laka. Aka kwashe ni zuwa asibiti aka yi mini allurarsa ta jijiya da ƙarin ruwa. Likita bai yi mini faɗa ba. Ya ce jiki da kansa yana yin irin wannan sinadarin a wasu 'yan ƙulli da ke saman ƙoda, in ya ga ana kawo masa daga waje sai su kwanta barci, kuma ba sa farkawa rana ɗaya. Shi ya sa ake janye shi kaɗan-kaɗan cikin watanni. Laifin nan nawa ne, kuma saura ƙiris 'yata ta zama marainiya saboda maganar gidan suna.

Don a samu a rage firednisolon aka ƙara mini metotirezet, shi ma maganin kwantar da garkuwar jiki ne. Wannan sau ɗaya ake sha a sati, ba kullum ba, wanda ya sha kullum zai iya halaka. Na zaɓi Juma'a don kada in manta, folik asid kuma a wata ranar daban, gwajin jini da hanta a kai a kai. Sharaɗinsa ne mai nauyi: ba ciki, don yana lalata halittar ɗan tayi. Ga ni da 'ya ɗaya, ga kabarin da ban san inda yake ba, ga faccaloli kowace da goyo. Malam ya amince da tazara tun a ofishin likita. Hajiya nake jin nauyi, ban san ta inda zan fara ba. Shi ya je ya same ta da takardar zanen nan, ya yi mata bayanin magudana da fangali. Da yamma ta shigo ɗakina, abin da ba ta saba ba, ta zauna bakin gado ta kama wuyan hannuna na hagu ta daɗe tana saurare da yatsunta. Ta ce, "'Yar nan, ashe da gaske kike. Ki yafe mini." Daga ranar ta raba aikin gida da kanta: daka da jan ruwa suka bar hannuna, tsintar shinkafa da gyaran ganye da karatun yaran gidan duka suka dawo wurina.

Wata goma sha takwas na yi a haka. Ƙwaya takwas ta koma shida, ta koma huɗu, har ta koma ɗaya. Sau ɗaya ciwon wuyan ya dawo aka ɗan mayar da ita sama. Awon kumburin ya sauko ƙasa da 20 ya zauna. Bugun hannun hagu bai dawo ba, kuma an ce kada in sa rai, tabo ba ya narkewa. Amma hannun ya yi ɗumi, ina tuƙa tuwon mutum huɗu ban tsaya ba, jirin sai jefi-jefi. Da aka maimaita sikanin, likita ya ce a bar maganar ragar ƙarfe sai in wani abu ya canza. Rijiya dai ban sake zuwa bakinta ba. Da albashin wata guda na sayi abin awon jini, yanzu matan unguwa suna shigowa bayan la'asar in auna su, dama da hagu, in rubuta musu a takarda su kai asibiti.

Da cutar ta kwanta na tayar da maganar haihuwa. Aka cire metotirezet aka mayar da ni kan azatayofirin, wanda ake iya sha da ciki, aka canza maganin hawan jinin, aka ce mu jira aƙalla wata uku kafin mu bar tazara. Mun jira biyar.

Yanzu cikin wata huɗu ne. A Kano zan haihu in Allah ya kai mu, tun wata bakwai zan koma gidan Yaya, amma awon tsakani a ƙaramin asibitinmu nake yi duk sati biyu. Ranar da na je yankar sabon kati, yarinyar nan ce dai a kan tebur. Ta gane ni tun daga ƙofa. Ta karanta takardar da likita ya ba ni har ƙarshe, ta ɗauko jan biro ta rubuta da manyan baƙaƙe a bangon katin: hannun dama kawai. Ta tashi ta ja bencin ta raba shi da bango, ta zagayo ta damata, ta ɗaura. Ya hura, ya sace, ya nuna 128 a kan 82. Ta rubuta, ta ce in dawo ranar Talata ta sama.